Tsaga a Ƙirjin Garayar Madam Salwa

Lahadi, 4 ga Agusta, 2024

Sabon aiki. Mudir, wato manajanmu, ya kira ni ofis da safe, ya ce daga yau duk Lahadi da Laraba zan ɗauki wani abin kiɗa daga unguwar Muntaza in kai wani gidan gona a Umm Salal, in jira, in dawo da shi. Wai ni ya zaɓa saboda ba na gudu da mota. Shekara tara ina jan motar kayan kamfanin nan, sai yau aka tuna ba na gudu. Ranar da za a naɗa shugaban direbobi ba a tuna ba.

Na je. Hawa na uku. Wata tsohuwa ta buɗe ƙofa, fara, 'yar ƙarama, da tabarau mai kauri kamar gindin kwalba. Na gaishe ta da guntun Larabcina, ta matso da fuska dab da tawa ta ce, "Kai ɗan ina ne?" Da Hausa. Hausar ma irin ta tsofaffin Fagge. 'Yar Labanon ce, amma a Kano aka haife ta, mahaifinta ya yi kantin yadi a can. Madam Salwa. Na ce mata Isiyaku, daga Funtuwa. Ta ce, "To, 'yan auduga, shigo ka gai da Tsohuwa."

Tsohuwa ita ce abin kiɗan. Hap suke ce mata, ni dai garaya zan riƙa rubutawa, ko da yake garayar gida ba ta kai cinyarta ba. Ta fi ni tsawo. Ginshiƙi a gaba, wuya a lanƙwashe, ƙirji na katako mai faɗi, tsirkiya arba'in da bakwai. Ta mahaifiyarta ce. A gidan gonar, 'yan mata biyu take koya wa.

Dokoki kuwa sai ka ce za a ɗauki mai jego. A sa mata riga mai auduga. A ɗora ta kan kura mai taya, ba a ɗaga ta ta wuya. A kwantar da ita a katifa, gefen da ke da ƙarafa yana sama. Sannan babbar doka: kada a kashe esi, na'urar sanyaya mota, ko na minti ɗaya. Ta ce tsirkiyoyin nan suna jan katakon da ƙarfin da ya kusa tan guda, kullum, ba hutu, kuma gam ne ke riƙe da shi. In zafi ya ratsa gam ɗin ya saki... Ba ta ƙarasa ba, tafi ta yi sau ɗaya. Na ce na ji.

Mu shida ne a ɗaki ɗaya a unguwar Najma, esinmu yana ɗiga a bokiti tun watan Mayu. Katako kuwa har riga aka ɗinka masa.

Laraba, 7 ga Agusta

Musbahu, ɗan ɗakinmu, ya rasu jiya. A bakin ƙofar da yake gadi, yana tsaye, ya sulale ya zauna, shi ke nan. Gadonsa ne a saman nawa. Shekara huɗu ina kallon katifarsa ta lotsa a kaina, yau a miƙe take.

Sai an gama takardu za a ba mu gawa. Ba wanda ya san ranar.

Na kai garaya. Madam a gaba take zama, kusa da ni, tana ba ni labarin Kano ta da. Ta lura ba na amsawa, ta tambaya, na gaya mata. Ta ce, "Allah Ya jiƙansa da rahama," kamar kowace uwa a gida, kuma ba ta sake cewa uffan ba har Umm Salal. Wannan na yaba mata.

Asabar, 10 ga Agusta

Har yanzu takardu. Baba Aruna na ɗakinmu ya naɗe kayan Musbahu a jaka.

Lahadi, 11 ga Agusta

Zan rubuta yadda aka yi, daidai, tun kafin zuciyata ta fara gyara labarin.

Madam tana da ganin likitan ido yau. Ta ce in ɗauki Tsohuwa ni kaɗai, maigadin gidansu zai kama mini, ita za ta wuce da tasi daga asibiti mu haɗu ƙarfe biyar. Ƙarfe biyu da rabi na ɗora. Ina cikin ɗaure igiyar ƙarshe waya ta shigo: an ba da gawa, za a yi wa Musbahu salla bayan la'asar a maƙabartar Abu Hamur.

Umm Salal tana arewa, maƙabarta tana kudu. In na kai garaya na juyo, sai dai in tarar da ƙasa a tule. A nan kuwa ba mu da dangi sai junanmu. In ɗan gida ya rasu, mai gadi yakan bar ƙofa, direba ya karkata hanya, don in ba mu je ba, baƙi uku ne za su tsaya a kansa. Na ce a raina awa guda ce, esi yana aiki, me zai faru?

Na ajiye motar a filin da ke gaban masallaci, ba inuwa ko ta sanda. Na bar ta a kunne, makulli a jiki, kamar yadda rabin mutanen garin nan ke yi. Na leƙa baya, sanyi ƙalau. Na shiga.

An yi salla, an kai shi, mun zuba ƙasa. Ƙasar ma zafi ne da ita, sai da tafin hannuna ya yi ja. Muna fitowa Baba Aruna ya kamo hannuna. Dattijon ɗakinmu ne, mutumin Zangon Kumasi, ya haura sittin, har yanzu yana gadi. Mutum ne da ba ya iya wuce fitila a kunne ko famfo yana ɗiga. Ya saka mini wani abu a tafin hannu, ya ce da irin Hausarsu, "Ɗana, baƙin ciki ya sa ka manta. Motanka yana ta cin mai, na kashe maka shi." Yana ta shafa mini kafaɗa.

Na ce, "Tun yaushe, Baba?" Ya ce tun da ya sauka daga bas, kafin a ta da salla.

Ban san na yi gudu ba sai da na gan ni a jikin motar. Na buɗe baya, hucin da ya fito ya buge ni kamar an buɗe tanda. Ƙarfen igiyar ɗauri ba ya taɓuwa. Na kunna esi, na zuge rigar kaɗan na sa hannu. Katakon da ɗumi kamar jikin mai zazzaɓi. Wani wari-wari, irin na shagon kafinta.

Minti hamsin, ko fiye.

Ƙarfe biyar saura na isa, ta riga ta huce. Madam ta zo da ido ɗaya a liƙe da auduga, ta ce, "Yaya Tsohuwa, ba ta ba ka wahala ba?" Na ce lafiya lau.

Litinin, 12 ga Agusta

Ba abin da ya faru. Ƙila ba abin da zai faru.

Motocinmu duk da na'urar da ke rubuta inda ka je da lokacin da ka kashe inji. Ba mai dubawa sai an kai ƙara.

Laraba, 14 ga Agusta

Da na cire mata riga a gidan gonar, haske ya faɗo a kan ƙirjin, na ga abin. Can ƙasa, gefen inda manyan tsirkiyoyi suka shiga katako. Siriri kamar gashi, tsawon ɗan yatsana. Na goga da gefen riga ko datti ne. Ba datti ba ne.

Na so in ce dama yana nan. Amma ranar farko na ƙare wa wurin kallo, sumul yake kamar madubi. Ban iya yi wa kaina wannan ƙaryar ba.

Madam ba ta gani. Idonta ɗaya a rufe, ɗayan dama hazo ne. Sai dai kunnenta. Ta daɗe da ɗan makullinta tana ɗaure tsirkiya ɗaya bayan ɗaya, tana tsaki. "Tsohuwa ta ƙi riƙe murya yau. In ɗaure, ta sauka. Ko fushi take da ni?" Ta ƙara murɗawa. Duk murɗa ɗaya sai na ji a haƙorina.

A hanyar dawowa, kusa da gadar sama, wani abu ya ce tas a baya. Madam ta ce tsirkiya ce ta tsinke, suna yi, kada in damu. Ita ke ba ni haƙuri.

Juma'a, 16 ga Agusta

Bayan an sauko daga masallaci aka zuba shinkafa a faranti ɗaya kamar kullum. Na ce ba na jin yunwa. Ba zan iya sa hannu inda Baba Aruna ke sa hannu ba, ba yanzu ba. Ina kallonsa yana tashi ya kashe fankar da ba kowa a ƙarƙashinta, sai na ji kamar in shaƙe shi.

Wa ya aike shi? Motarsa ce? Mansa ne?

To amma wa ya kai motar can? Bai san abin da ke ciki ba. Mota ya gani tana ci, ya ɗauka ɗan'uwansa ya ruɗe. Ko a Funtuwa aka yi mini haka godiya zan yi. Na san duk wannan, kuma bai rage mini haushinsa ko kaɗan ba.

Lahadi, 18 ga Agusta

Ya ƙaru. Na auna da hannu lokacin da ta shiga wanke hannu: ya wuce tsawon tafina, kuma gefe ɗaya ya ɗan tasa, farce yana kama shi.

Yau ban jira a mota ba, na tsaya a bakin ƙofar falon. Ban taɓa kallon yadda ake kaɗa ta ba. Ashe jingina ta take yi a kafaɗa, ta rungume, kumatunta dab da katakon, gwiwoyinta a gefen ƙirjin. Daidai inda tsagar take, nan ƙafarta take. Bayan ita 'yan matan suka zauna, ɗaya bayan ɗaya, su ma haka.

Kiɗan kansa ba zan ce komai a kai ba. Ba irin namu ba ne. Na dai tsaya har aka gama.

A mota ta ce ranar Alhamis akwai biki a gidan, na yayar 'yan matan, za ta yi kiɗa awa biyu a gaban mata ɗari uku. Za ta sa sababbin tsirkiyoyi a ƙasa, ta ɗaure su tamau don murya ta kai ƙarshen zaure. Na tambaye ta, kamar hira, ko ta taɓa ganin wadda ta fashe. Ta ce sau ɗaya, a Beirut, tana budurwa. "Kamar an harba bindiga a ɗaki. Mai kaɗawar ba ta sake gani da idon dama ba." Sai ta yi dariya ta ce, "Ni ai ba ni da na asara, ɗan Funtuwa."

Ban yi dariya ba. Na ce rana ce ta dame ni.

Litinin, 19 ga Agusta

In na faɗa, za ta kai ƙara, za a buɗe na'ura, a ga maƙabarta, a ga minti hamsin. Aiki ya tafi. Kamfanin ne kafil ɗina, shi ya tsaya mini a ƙasar nan, in aiki ya tafi iƙama, takardar izinin zama, ta bi shi. In koma gida ina da shekara arba'in da takwas, in ce wa matata Asibi me? 'Yarmu Ikilima saura mata shekara guda a makarantar jinya.

In na yi shiru, ƙila ta kai Alhamis ta wuce. Ƙila ta kai shekara. In ma ta fashe, tsohon katako ne, ya fi ni shekaru, wa zai ce direba?

Ba wanda ya taɓa tambayar lafiyata a garin nan. Musbahu ya mutu a tsaye a rana, washegari aka sa wani a ƙofar. Don me ni zan ƙone kaina saboda katako?

Na rubuta wannan, na karanta, ya yi daidai. Sai dai ba katako ne ke jingine a wurin ba.

Talata, 20 ga Agusta

Na kai firiji uku Wakra. Na wuce mahaɗa sau biyu.

Laraba, 21 ga Agusta

Na hau da kura kamar kullum. Na tarar ta baje sababbin tsirkiyoyi a tebur, makulli a hannu, ta riga ta sa biyu. Ta ce, "Yalla, yi sauri, Malam Isiyaku, yau ka makara."

Na ce, "Madam, ajiye makullin nan."

Ban shirya maganar ba. A matakala ma cewa nake ba zan faɗa ba. Na ce ta ba ni hannunta. Ta ba ni. Na kai yatsunta ƙasa na ɗora a kan tsagar. Ta bi ta a hankali daga farko har ƙarshe, ta dawo, ta sake bi. Sannan na gaya mata komai: waya, maƙabarta, rana, minti hamsin.

Ta janye hannunta daga tsagar. Ta ɗauki makulli ta fara sassauta tsirkiyoyin daga ƙasa, kaɗan-kaɗan, tana yi tana wata magana da Larabci ƙasa-ƙasa, ba da ni ba. Murya tana sauka, tana sauka, har ta zama kamar igiyar shanya.

"Kwana goma," ta ce. "Kwana goma kana kallona ina ɗaure ta. Ka ga na zaunar da 'ya'yan mutane."

Na ce haka ne.

"Da ka kira ni ranar, da na ce ka mayar da ita sama ka tafi jana'izarka. Ni ban san mutuwa ba ne? A Kano na binne uwata."

Wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba. Ko sau ɗaya. Na ɗauka ba a tambayar irinsu irin wannan.

Sai ta ce, "Kai ka kashe motar?" Na ce ni na ajiye ta a wurin. Ta ce, "Ba shi na tambaye ka ba." Na sake cewa ni na ajiye ta. Ta juyo da idon nan mai hazo ta dube ni, ba ta ƙara tambaya ba.

Ta ce sai an kai ta ƙasar waje a canza ƙirjin gaba ɗaya, kuma ko an canza, muryar da mahaifiyarta ta sani ta tafi. Masu inshora za su nemi takarda daga kamfani, ita kuma ba za ta rubuta ƙarya ba. Na ce ban roƙe ta ba. Ta ce ta sani.

Na sauko da kura ba komai a kai.

Alhamis, 22 ga Agusta

Mudir ya juyo mini da fuskar kwamfuta. Ga layin tafiyata ja, ya karkata kudu. An kashe inji uku da minti takwas, an kunna huɗu da minti biyu. Hamsin da huɗu ke nan, na rage huɗu.

Ya ce Madam ta gaya masa ba ta yarda ni na kashe ba. In wani ne ya shiga motar kamfani, in faɗi sunansa, maganar ta koma hannun 'yan sanda, ni kuma a ba ni takardar gargaɗi kan sauya hanya. Ya tura mini biro.

Baba Aruna a ofishin 'yan sanda, da gwiwar nan tasa, yana neman wanda zai fassara masa laifinsa. Shekarunsa sun wuce ƙa'ida, da ƙyar ake sabunta masa iƙama. Ko tambaya aka yi a wurin aikinsa, ya tafi.

Na ce ni ne. Na manta na kashe.

Mudir ya dube ni ya ce, "Shekara tara ba ka taɓa mantawa da komai ba." Na ce ranar na binne maƙwabcin gadona. Ya karɓi makulli. Khalas, shi ke nan. In gaskiya za a bi, bai ɗaga murya ba, kuma ya ba ni wata guda in nemi wani kafil kafin su soke iƙamata. Da ni ne a kujerarsa, abin da zan yi ke nan.

Yau ne bikin. Ban san wa ya yi musu kiɗa ba.

Asabar, 24 ga Agusta

Madam ta kira. Ta ce an zo auna Tsohuwa za a yi mata akwati. Ta ce har yanzu tana fushi da ni, kada in ɗauka ta huce. Sannan ta tambaya ko na ci abinci.

Ban kira gida ba tukuna.

Litinin, 26 ga Agusta

A ɗaki na ce musu an rage direbobi ne. Kowa ya yi salati, aka zagi kamfani, aka wuce.

Da azahar Baba Aruna ya shigo yana haki, da leda biyu na shinkafa da wake daga wurin 'yan Ghana, har da shito, yajin nan nasu. Ya zauna a bakin gadona ba tare da na ce ya zauna ba. Wai tun shekaranjiya yake bin shugabansu, akwai gurbin gadi a wani sito, ƙofar tana da rumfa, har da fanka. Ya ce ya gaya musu ɗansa ne, mutum mai amana, ba ya mantuwa. "Gobe ƙarfe bakwai, ka sa riga mai kyau, ni zan kai ka."

Na ce masa ni direba ne, Baba, ban zo ƙasar nan don in buɗe wa mutane ƙofa ba. Ya ce to, ci abinci dai. Ya buɗe ledar ya turo gabana.

Yaji ya yi yawa, kamar kullum abincinsu. Na cinye.

Ba zan karɓi aikin ba, ina jin. Zuwa kawai zan yi don kada ya ji kunya a gaban shugabansa. Na goge farar rigata. Na ce masa mu fita shida da rabi, don matakalar tashar jirgin ƙasa tana ba shi wahala, kuma ba na son ya riƙa sauri saboda ni.